Allurar da ta tsayar wa ɓera ɗigar fitsari, za ta yi wa mace aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 47, haihuwata bakwai. Tun bayan haihuwar auta, in na yi tari ko atishawa, ko na ɗaga bokitin ruwa, sai fitsari ya zubo min. Alwala ba ta zama. 'Yata ta karanto min a waya cewa masu bincike a ƙasar waje sun yi wa ɓeraye wata allura, ɗigar ta tsaya. Gaskiya ne? In jira ta iso, ko akwai wadda ake yi yanzu? Tiyata nake tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Abin da 'yarki ta karanto miki gaskiya ne, kuma ba sau ɗaya aka yi ba. Sama da shekara ashirin ke nan ana yi wa ɓeraye irin wannan allura, ɗigar tana tsayawa, ana bugawa a mujallun likitoci. To in kin ji an shekara ashirin ana warkar da ɓera amma har yau maganin bai zama abin da ake rubuta wa mata a asibiti ba, kin san da magana a ƙasa. Ga matsayina tun daga farko: idan dabba ta nuna allura tana da illa, a yarda da ita nan take. Idan ta nuna allura tana warkarwa, a dakata sai an ga sakamakonta a jikin mata masu yawa.

Abin da kika kwatanta shi ne ɗigar da ke zuwa da yunƙuri. Fitsari yana taruwa a mafitsara, yana fita ta wani ɗan bututu wanda a jikin mace tsawonsa bai wuce santimita huɗu ba. Tsoka ce ta zagaye bututun tana matse shi, ƙarƙashinsa kuma akwai tsokokin ƙugu da ke tallafe da shi. Naƙuda tana ja wa waɗannan tsokoki rauni, tana kuma murje jijiyar da ke kai musu saƙo daga laka. Shekaru da ɗaukewar al'ada su ƙara nasu. Sai ya zama duk lokacin da ciki ya matsa, kamar a tari, ƙarfin matsin ya fi ƙarfin riƙon. Wannan dabam yake da na wadda fitsari ke matsa mata farat ɗaya ba ta kai bayi, kuma dabam yake da yoyon fitsari, inda akwai huda tsakanin mafitsara da gaba. Kowanne da maganinsa, zan taɓo su a ƙasa.

Allurar da ake yi wa irin naki kashi biyu ce. Akwai ta cika wuri, wadda ake yi wa mata yau. Akwai ta ƙwayoyin halitta, wadda ake fatan ta farfaɗo da tsokar da ta raunana, kuma kusan na tabbata ita 'yarki ta gani.

Ta cika wuri ba ta da wuyar ganewa. Likita yana shiga bututun da 'yar kyamara, ya tsira allura a ƙarƙashin fatar cikin bututun a wurare uku ko huɗu, ya zuba wani abu mai kauri, bangon bututun ya kumburo ya haɗe. Kamar robar cikin famfo ce da ta cinye aka sa mata ciko: ƙarfen bai canja ba, amma ɗigar ta ragu. Duk wahalar tana wajen samun abin da za a zuba. Ana son abin da zai zauna inda aka ajiye shi, jiki bai narkar da shi ba, bai kuma yi faɗa da shi ba. An fi shekara tamanin ana nema. A 1938 wani likita mai suna Murless ya yi wa mata 20 allurar wani sinadari da ake samu daga man hantar kifi, don wurin ya yi tabo ya tsuke. Daga baya aka gwada farafin da wasu mayuka, wasu suka bi jini suka toshe jijiyoyin huhu. Sai a farkon shekarun 1970 aka koma kan Teflon, wannan dai da ake shafe cikin kaskon suya da shi don kada abinci ya kama, aka niƙa shi gari aka kwaɓa. Victor Politano na Miami shi ya fi kowa yayata shi. Mata da maza da yawa sun samu sauƙi, har aka fara yi wa yara a bakin bututun ƙoda.

A nan ne dabbobi suka yi aikin da ya fi kowanne a tarihin wannan fanni. A 1984 Malizia da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar JAMA. Sun yi wa karnuka mata da birai maza allurar Teflon a gefen bututun fitsari, yadda ake yi wa mutane, sannan suka bi sawunsa. A rukunin da aka duba bayan kwana 50 zuwa 70, an samu ɓurɓushinsa a kaluluwar ƙugu a shida cikin bakwai, a huhu kuma a huɗu cikin bakwai. Rukunin da aka bari har wata goma da rabi ya fi tayar da hankali: duka bakwai ɗin akwai shi a huhunsu da ƙwaƙwalwarsu, huɗu a ƙoda, biyu a saifa. Inda ya sauka kuma jiki ya kewaye shi da ƙullin kumburi. Ki duba fa, an fi shekara goma ana yi wa mutane kafin a san haka, domin ba wanda zai buɗe ƙwaƙwalwar mace mai rai don ya ga ina allurarta ta tafi. Dabbobi goma sha huɗu ne suka amsa tambayar. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ba ta taɓa ba Teflon izinin wannan aiki ba.

Daga nan aka gane cewa girman ƙwayar garin ne matsalar. Ƙwayoyin Teflon da yawa ƙanana ne ƙwarai, har sojojin jini suna iya haɗiye su su yi gaba da su, ko su faɗa cikin ƙananan jijiyoyin jini. A 1995 aka sake gwaji a Mayo, wannan karon da garin silikon a jikin karnuka, aka kwatanta mai laushi da mai tsakuwa. Mai laushin ya bazu zuwa gaɓoɓi masu nisa, mai tsakuwar kusan duk ya zauna a wurinsa. Shi ya sa har yau masu ƙera irin wannan allura suke kiyaye kada ƙwayar ta gaza kimanin maikiromita 80, wato ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Duk macen da aka yi wa allurar cika wuri a yau tana cin moriyar waɗancan karnuka ko ba ta sani ba.

Abubuwan da suka biyo baya ba sai na tsaya a kansu ba. Contigen, wanda ake yi da sinadarin fatar saniya, ya samu izini a 1993, ya daɗe shi ne ma'auni, sai dai jiki yana narkar da shi a hankali, kuma dole a gwada shi a fatar hannu wata guda kafin a yi, saboda wasu jikinsu ba ya karɓa. An daina yin sa a 2011. Durasphere ya zo a 1999, Coaptite a 2005, Macroplastique na silikon a 2006. Wanda ake yayi yanzu shi ne Bulkamid, wanda ba shi da gari ko kaɗan: kashi 97.5 cikin ɗari ruwa ne, sauran wani sinadari ne mai kama da jeli. Turai ta daɗe tana amfani da shi, Amurka ta ba shi izini a farkon 2020.

Kada kuma a ɗauka dabba tana kama kowace illa. Wani mai suna Tegress ya tsallake dukkan matakai har ya samu izini a 2004, cikin 'yan shekaru aka janye shi saboda yana cin bangon bututun ya ɓullo. Zuidex ma an daina yi wa mata shi saboda ƙulli da ƙurji a wurin allurar. Sai kitse. Tunanin ya yi kyau a baki: a tsotso kitsen cikin mace a mayar mata a bututun, nata ne, jiki ba zai ƙi shi ba. Da aka yi gwaji na tsanaki a Toronto ta Kanada aka buga a 2001, waɗanda aka yi wa kitse ba su fi waɗanda aka yi wa ruwan gishiri samun sauƙi ba, kusan kashi 22 da kashi 21 cikin ɗari, kuma mace ɗaya ta rasu saboda kitsen ya bi jini ya toshe mata huhu. Don haka in dabba ta ce ba ta ga illa ba, ba a gama ba tukuna.

Yanzu ga ɓeranki. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, ta yaya ɓera ta kamu da ɗigar fitsari tun farko? Ba ta kamuwa da kanta. Ɓera tana haihuwar 'ya'ya goma cikin sauƙi, kansu ƙarami ne. Da ƙafa huɗu take tafiya, nauyin kayan cikinta a kan fatar ciki yake sauka, ba a kan ƙugu ba kamar ke da kike tsaye. Dole sai an ƙirƙira mata ciwon. A 1998 ɗakin binciken Tom Lue a San Faransisko ya fito da hanyar da ta fi yaɗuwa: a yi wa ɓera allurar barci, a sa mata robar fitsari mai balan-balan a gaba, a hura, a bar ta awa huɗu, don a kwaikwayi doguwar naƙuda. Margot Damaser a Cleveland ta ƙara da murje jijiyar da ke kai saƙo ga tsokar riƙo. Wasu suna yanke jijiyar, wasu suna ƙona gefen bututun da wutar tiyata, wasu suna raba shi da naman da ke riƙe da shi.

Awon ma abin a sani ne. Ɓera ba za ta ce miki zaninta ya jiƙe sau uku yau ba. Sai a sa ta barci, a cika mafitsararta da ruwa, a riƙa danna cikinta a hankali har ɗigon farko ya fito, na'ura ta rubuta ƙarfin matsin da ya fitar da shi. In an yi allura adadin ya hau, sai a ce ta samu sauƙi. Masu bincike a Pittsburgh har dabarar sa ta atishawa suka yi, su yanko gashin bakinta su soka mata a hanci, wasu kuma su ɗaure ta a allo su miƙar da ita tsaye don ta yi kama da mutum. Ina jinjina wa basirar, amma ki ga nisan da ke tsakanin wannan da Hajiya mai haihuwa bakwai da ke neman alwalarta ta kai ta la'asar.

Akwai abu uku da suke sa sakamakon ɓera ya fi gaskiya kyau. Ɓerayen da ake amfani da su galibi 'yan watanni ne, ba su taɓa haihuwa ba, ba ƙiba, ba ciwon suga, ba tari mai naci. Raunin nasu sabo ne, yau aka ji musu, cikin kwanaki aka yi allura, ke kuwa naki ya shekara da shekaru, tsokar ta zama tabo. Na ukun ya fi su duka: ɓerar da aka hura wa balan-balan tana warkewa da kanta cikin makonni ko ba a yi mata komai ba. Sau da yawa abin da allurar ta yi shi ne gaggauta warakar da dama tana tafe. Ga kuma ƙanƙantar bututun: ko me aka zuba a ciki, ko da ba ya gyara komai, zai cika wuri ya ɗaga adadin da na'ura take nunawa.

Da wannan a zuciya, ga yadda labarin ƙwayoyin halitta ya gudana. A 2000 Michael Chancellor da Johnny Huard a Pittsburgh suka nuna cewa in an ɗebo ƙwayoyin da ke gina tsoka, aka raina su a ɗakin gwaji har suka yi yawa, aka yi wa ɓera allurarsu a bututun fitsari, suna rayuwa su fara zama zaren tsoka. Bayan shekara guda suka nuna sun fi sinadarin fatar saniya daɗewa a wurin. Aka bi da ƙwayoyin asali, wato waɗanda ke iya rikiɗewa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki, na ɓargo, da na kitse, da na cibiyar jariri, kusan duk wanda aka gwada ɓera ta amsa. Aka hau kan manyan dabbobi. A wani gwaji da Daniel Eberli ya jagoranta aka buga a 2012, an yanke wa karnuka wani ɓangare na tsokar riƙo, waɗanda aka yi wa allurar ƙwayoyin ƙarfin riƙonsu ya dawo kimanin kashi 80 cikin ɗari, waɗanda ba a yi wa ba suka tsaya a kimanin kashi 20. Kowa ya ce magani ya samu.

A 2007 mujallar Lancet ta buga rahoton Hannes Strasser na Innsbruck a Ostiriya: mata 42 aka yi wa ƙwayoyin tsokarsu, 38 sun warke sarai, alhali cikin 21 da aka yi wa sinadarin fatar saniya biyu kawai suka warke. Duniya ta ɗauka. Sai hukumar lafiya ta ƙasar ta yi bincike, ta gano ba a bi ƙa'idar izinin gwaji ba, ba a nemi yardar marasa lafiya yadda ya kamata ba, takardun ma akwai tababa a kansu. A watan Satumba na 2008 Lancet ta janye rahoton. Na kawo wannan ne don har yanzu akwai masu tallar allurar ƙwayoyin asali da suke jingina da irin waɗannan alƙaluma.

Gwaji na gaskiya kamfanin Cook MyoSite ne ya ɗauki nauyinsa, bisa binciken Pittsburgh ɗin. An fara da mata takwas a Toronto, aka buga a 2008, biyar suka samu sauƙi. Da aka faɗaɗa aka kawo rukunin kwatanci, wato wasu mata a yi musu ƙwayoyin, wasu a yi musu allurar da ba komai a ciki, ba matar ba likitan ba wanda ya san wacce aka yi, sai bambancin ya ɓace. Gwajin da aka buga a 2018 an tsayar da shi kafin ya kammala ɗaukar mata, saboda masu allurar wofi ma suna ta samun sauƙi. Wanda ya fi shi girma, mai mata kusan 300, ya fito a 2024: kimanin rabin kowane rukuni sun ce ɗigarsu ta ragu da rabi. Allurar ba ta yi illa ba, amma ba ta fi ta wofi ba, sai dai a cikin matan da aka taɓa yi wa tiyata ba ta yi ba, inda aka ga alamar amfani da ake ci gaba da bibiya. Wannan sauƙi da allurar wofi take kawowa ba ƙarya matan suke yi ba. Wadda ta shiga gwaji tana rubuta abin da ta sha da sau nawa ta je bayi, tana kula da jikinta, ɗigar kuwa tana raguwa. Ɓera ba ta da wannan, shi ya sa ba ta taɓa gargaɗin kowa a kai ba.

Binciken da na fi so a wannan fanni shi ne na birai a Wake Forest ta Amurka, ƙarƙashin Koudy Williams, domin shi ne ya bayyana dalilin faɗuwar. Biri ya fi kusa da mu, yana zama a miƙe, macen tana al'ada. Sun lalata wa birai mata jijiyar tsokar riƙo, suka yi musu allurar ƙwayoyin tsokarsu. Waɗanda aka yi wa bayan mako shida sun farfaɗo sosai. Waɗanda aka bari sai bayan wata shida, amfanin ya ragu ƙwarai. Tsofaffin birai ba su amsa kamar matasa ba. Har matsayi a garke ya yi tasiri: birin da ake dannewa, mai zama cikin fargaba, bai samu sauƙi kamar mai faɗa a ji ba. Wato da aka matso da dabbar kusa da ainihin macen da ke zuwa asibiti, mai shekaru, mai tsohon rauni, mai ɗawainiya, sai maganin ya yi sanyi, daidai yadda ya yi a jikin mutane. Da an fara da irin wannan gwaji, da an rage shekaru da dukiyar da aka kashe.

Aladu ma sun tona wani asiri. A Tübingen ta Jamus an yi musu allurar ta kyamara yadda ake yi wa mata, aka duba daga baya, sai aka tarar kusan rabin allurorin ba su sauka cikin tsokar ba, wasu sun tsaya a sama, wasu sun zarce waje. Tsokar siririya ce, 'yan milimita. Yanzu suna gwada harba ƙwayoyin da tsinin ruwa maimakon allura.

Inda binciken ya karkata yanzu shi ne, wataƙila ba ƙwayoyin ne suke zama tsoka ba. Ɗakin Damaser ya nuna ko ta jijiyar jini aka sa wa ɓera ƙwayoyin asali tana samun sauƙi, alhali ba sa daɗewa a bututun, har ma ruwan da aka raina su a ciki, ba ƙwaya ko ɗaya, ya yi aiki. Abin da suke fitarwa ne yake kiran jiki ya gyara kansa. A biran Wake Forest, allurar wani sinadari guda mai suna CXCL12 ta yi aiki har a tsofaffi masu tsohon rauni, inda ƙwayoyin suka gaza. Wannan abin sa ido ne. Amma yana nan a matakin da ƙwayoyin tsoka suke a farkon shekarun 2000, kin kuwa ga yadda tasu ta kaya.

Akwai dabbar da take kamuwa da ɗigar da kanta, ita ce karyar da aka cire wa ƙwan haihuwa, abin da ake yawan yi a Turai da Amurka. Likitocin dabbobi suna yi musu allurar cika wuri a matsayin magani. A wani rahoto daga Zurich ta Suwizalan a 2005, cikin karnuka 40 da aka yi wa sinadarin fatar saniya, 27 ɗigar ta tsaya, na tsawon wata 17 a matsakaici, sannan ta fara dawowa. Wannan adadi ya yi kama da abin da muke gani a mata fiye da duk wani sakamakon ɓera, kuma ba mamaki, tunda ciwon ba ƙirƙirarsa aka yi ba.

In da a ce naki mai matsowa ne farat ɗaya, allurarsa dabam ce: Botox, wanda ake tsirawa a bangon mafitsara don ya kwantar da ita. FDA ta amince da shi a 2011 ga masu ciwon laka, a 2013 ga sauran. Yana aiki kimanin wata shida ko fiye a sake, wasu kuma fitsarin yana riƙe musu har sai an sa roba na ɗan lokaci. Ba zai yi wa ɗigar tari komai ba. A gefe guda, shekaru da yawa ana auna ƙarfin kowane rukunin Botox ne da adadin da zai kashe rabin ƙananan ɓerayen da aka yi wa, sai a 2011 kamfanin ya samu izinin aunawa da ƙwayoyin halitta a kwalba. Ina ganin duk inda za a iya irin wannan sauyi ya wajaba a yi, domin dabbobin nan rai gare su, kuma amana ce.

Dole in yi magana a kan yoyon fitsari, tunda a ƙasarmu in an ce fitsari yana zuba shi ake fara kawowa. Wadda fitsari yake zubo mata dare da rana, tana kwance tana zaune, tun bayan doguwar naƙuda, huda ce, kuma ba wata allura da take toshe huda. Sabuwar huda ƙarama takan rufe in an sa roba da wuri aka bar ta makonni, hanyar da Kees Waaldijk, likitan nan ɗan Holan da ya daɗe yana aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya yi ta koyarwa. In ta wuce haka sai ɗinki, a irin su Babbar Ruga, da cibiyar Laure a Kano, da Ningi, da Danja kusa da Maraɗi. Inda allura take shigowa shi ne bayan ɗinki: wasu hudar ta rufe amma tsokar riƙo ta riga ta lalace, ɗigar ba ta tsaya ba. An gwada musu allurar kitse a kudancin Najeriya, aka buga a 1998, an kuma gwada irin jelin Bulkamid a Kwango, duka a kan mata ƙalilan. Waɗannan mata su suka fi kowa buƙatar abin da zai gina sabuwar tsoka, kuma su ne suka fi nisa da lafiyayyar ɓerar ɗakin gwaji, domin wurin duk tabo ne mai tauri.

To Hajiya, kada ki jira. Kuma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya yi miki allurar ƙwayoyin asali ko ta ruwan jininki don ɗigar fitsari, a nan ko a Indiya ko a Dubai, ki tambaye shi a wane gwaji aka kwatanta ta da allurar wofi a jikin mata, kuma me ya fito. In ya fara ba ki labarin ɓera, ki riƙe kuɗinki.

Matakin farko ba allura ba ne ma. Motsa tsokokin ƙugu ne, a matse kamar mai riƙe tusa, a riƙe, a saki, sau da yawa kullum, aƙalla wata uku, kuma ya fi kyau likitar gashin ƙashi ko ungozoma ta duba ta tabbatar tsokar da ake nufi kike matsewa, don da yawa ciki suke yunƙurawa su ƙara ɓata lamarin. Mata da yawa wannan kaɗai yake isar su. Rage ƙiba yana taimakawa ƙwarai, haka maganin tari da na taurin bayan gida. In wannan bai isa ba, sai a zauna a zaɓa tsakanin allurar cika wuri da tiyata. A wani gwaji a Helsinki ta Finlan da aka buga a 2020, bayan shekara guda kashi 95 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyatar ɗamara, wadda ake ratsa siririyar ragar roba a ƙarƙashin bututun don ta tallafe shi, ba sa ɗiga in sun yi tari, na Bulkamid kuwa kashi 66, amma matsalolin bayan aiki sun fi yawa a ɓangaren tiyata. Allurar ba ta kai rabin awa ba, da maganin kashe zafi a wurin kawai, ki koma gida ranar, sai dai ki sa a ranki ana iya buƙatar ƙari, kuma daga waje ake shigo da ita, da tsada. Ga mai tsoron wuƙa irinki zaɓi ne mai ma'ana, kuma ba ta hana a yi tiyata daga baya. Akwai kuma tiyatar da ake yi da tantanin da ke lulluɓe da tsokar cikinki ba tare da ragar roba ba, in ragar ce take ba ki tsoro.

Batun alwala, malaman fiƙihu sun yi bayanin sassaucin da aka yi wa mai salasul bauli, ki tambayi malaminku don kada ki riƙa takura kanki. Likitan da za ki nema shi ne na mafitsara ko na mata a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Kafin ki je, 'yarki ta taya ki rubuta na kwana uku abin da kika sha, lokutan da kika yi fitsari, da abin da kike yi duk sanda ya zubo. Ki je da mafitsara a cike, domin zai sa ki yi tari ya gani da idonsa, kuma ki nemi a auna miki suga da fitsarin kansa, don ciwon sanyin mafitsara kaɗai yana iya ƙara ɗigar.